Rumbun Gari da Kunun Baba

A wani gari, sunansa ya ɓace mini, mutane suna tara gero a rumbu ɗaya, daga ciki ake ranta wa manoma iri. Al'adarsu kuwa, ba a tambayar babba dalili.

Ran nan wani dattijo ya zo ya karɓi geronsa. Maƙwabcinsa ya gani, ya ɗauko buhu. Wannan ya gani, wancan ya gani, kowa ya ɗauko buhu. Mai tsaron rumbu ya ga irin bana zai ƙare, sai ya daure ya durƙusa.

"Baba, a gafarce ni, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau, ɗana. Kunu nake marmari. Su waɗannan fa, me ya faru?"

Aka dubi juna. Kowa ya juye geronsa cikin rumbu.