Ruwan Lagireto

Da la'asar sakaliya Kafinta ya rufe shagonsa, ya ɗauko matarsa da 'yarsu Auta, suka kama hanyar asibiti. Zazzaɓi ne ya kama yarinyar tun jiya, ya ƙi jin magani. Mai kemis ɗin unguwa ya ce abin ya fi ƙarfinsa, a kai ta babban asibiti tun ba ta fara fizge-fizge ba. Asibitin kuwa da nisa. Motar kuma, kai, ba a cewa komai. Tsohuwa ce tukuf. Bakanike ya sha gaya masa lagireton, ma'ajiyar ruwan sanyaya inji, na yoyo, shi kuma ya sha cewa sai gobe. Abin da ya iya kawai shi ne ajiye galan ɗaya na ruwa a but.

Suna hawan wani tudu, inda babu gida babu gona, sai allurar da ke nuna zafin inji ta fara ɗagawa. Bakaniken ya taɓa koya masa dabara, wai in inji ya ɗau zafi a kunna hita, ta janyo zafin zuwa cikin mota. Ya kai hannu ke nan, ya waiwaya ya ga Auta a cinyar uwarta, jikinta zafi rau kamar garwashi. Ya janye hannun. Allura ta kai ja. Ƙaurin roba ya cika motar, tururi ya fara tashi daga bonet. Ya gangara gefen titi ya kashe ta.

Rana ta riga ta faɗi. Ya ɗaga bonet, ya ajiye galan a gefen ƙafarsa. Ba motsin kowa. Sai injin da ke ƙas, ƙas, da ruwan da ke ɓararraka a cikinsa.

"Baban Auta," matarsa ta kira shi daga kujerar baya, "idonta fa juyewa yake yi."

"Sai ya huce. Ba a buɗe shi da zafi."

"To ita fa? Ita ma jira za ta yi?"

Ya sani sarai. Ya san ba a taɓa murfin lagireto yana tafasa. Ya kuma san abin da ko yaro ya sani, ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da magariba ba tare da an ambaci sunan Allah ba. Amma hankalin uba ya riga ya tashi. Ya naɗe hannu da tsumma, ya kau da fuska, ya murɗe murfin. Bakinsa bai furta bisimilla ba.

Fuuu! Ruwa ya yi tsartuwa, jajir da tsatsa, ya watsu cikin ciyawar bakin titi.

Sai ihu. Ihun ƙaramar yarinya.

Ya ɗauka Auta ce. A'a. Daga cikin ciyawa ihun ya fito, can ƙasa-ƙasa.

Da tururin ya washe, sai ga mace tsaye inda ruwan ya zuba. Doguwa, ta lulluɓa da tsohon mayafi, ba a ganin fuskarta. Tana rungume da yarinya a kafaɗa. Bayan yarinyar na hayaƙi. Wani wari ya buge shi, na jiƙaƙƙiyar ƙasa da saɓulalliyar fata.

"Wasa take yi a ƙofar gida," in ji matar mayafin, murya ƙasa-ƙasa. "Ko sallama ba ka yi ba."

Babu gida a wurin. Ya ja da baya.

"Ban gani ba, baiwar Allah. Wallahi ban gani ba."

"Na sani. Ba ni ruwan nan in zuba mata. Bayanta na ci."

Ya dubi galan. Shi ke nan guda ɗaya. Lagireto ya ƙafe, ga yoyo, ga sauran tafiya. Tun da suka tsaya ko keke bai wuce ba.

"'Yata ba lafiya," ya ce.

"Tawa ma."

"In na ba ki, ba za mu kai ba."

"Ko rabinsa."

Ya janyo galan jikinsa.

Ta miƙo hannu, ta buɗe tafinta. Yatsun sun yi tsawo da yawa.

"Ko cikin nan."

Kaico! Tafi ɗaya me zai rage wa mota? Amma tsoro ya rufe masa ido, babu abin da yake gani sai Auta. Ya zagaya ya tada injin, don bakanike ya ce in aka zuba ruwan sanyi a inji mai zafi yana a kashe, tsagewa yake yi. Ya dawo ya ɗaga galan. Dole kuma a hankali ake zubawa, siriri-siriri.

Ta matso. Yana jin numfashinta a wuyansa, sanyi ƙalau.

Ruwa na shiga. Gul. Gul.

Yarinyar ta daina ihu, ta koma nishi.

"Baban Auta, da wa kake magana?" Bonet ya tare wa matarsa gani.

"Ba kowa!"

"Ba kowa," matar mayafin ta maimaita a kunnensa.

Ya ƙara karkata galan. Bai tsaya ba.

Gul.

Ya kife galan, ya girgiza shi, har ɗigon ƙarshe.

Ya ɗaure murfi, ya buga bonet. Babu kowa a wurin. Ciyawa ce kawai, ta kwanta.

Ya faɗa mota ya taka ta. Allura ta sauka, ta zauna daram. Can matarsa ta ce, "Alhamdulillahi, jikinta ya yi sanyi." Ba ta rufe baki ba Auta ta gantsare, ta ƙwala ihu. Ya san ihun nan. Yanzu-yanzu ya ji shi a cikin ciyawa.

A asibiti, nas ta ɗaga rigar yarinyar za ta sa mata ma'aunin zafi, sai ta ja da baya tana salati. Daga wuya har ƙugu bayan Auta ya tashi bororo, fatar ta saɓule. Rigar kuwa a bushe take.

"Wa ya zuba wa yarinyar nan ruwan zafi?"

Uwar ta yi ta rantsuwa tana kuka, ta ce ko sau ɗaya Auta ba ta bar cinyarta ba. Aka auna, babu zazzaɓi ko kaɗan. Kafinta ya jingina da bango.

Auta ta rayu, da tabon da har yau ba ta yarda a gani. Kafinta ya sayar da motar. Ya sha komawa tudun nan da jarkoki cike da ruwa, ya yi sallama, ya zuba a ciyawa yana ba da haƙuri. Ƙasa ta shanye, ba wanda ya amsa.

Ranar da Auta ta farfaɗo, leɓunanta a bushe, shi ne zaune a bakin gadon. Da sauri ya ɗebo ruwa a kofi, ya kai mata baki. Ta dube shi, ta juyar da kai wajen bango.

"Baba," ta ce da muryar nan ta cikin ciyawa, "Mama ta roƙe ka ko cikin tafin hannu ne. Ina ji, ka hana."

Daga ranar ba ta sake shan ruwa daga hannunsa ba.