Sandar Wuyan Kare

Hoton karen da Dorel ya kawo shaida na hannun Ruxandra, kansiloli tara sun zuba mata ido.

Ita ce sakatariyar majalisar garin, ita aka ba takardar Dorel ta duba kafin ƙuri'a. Dorel mai kanti, wanda sau biyu ta ƙi aurensa, ya rubuta cewa karnukan gidan ajiyar dabbobi ne suka kashe tumaki shida a bakin kogi, don haka majalisa ta daina ba gidan kuɗi. In aka daina, Traian, likitan dabbobin da take so, zai koma birni. Karnukan kuwa sai allurar mutuwa.

"Yi magana mana, 'yata," in ji mahaifinta, Baba Ilarie, kansilan makiyaya. "Ko sai mai warin karnukan can ya ba ki izini?"

Aka yi dariya. Traian na can bayan zaure, kansa a ƙasa.

Ta dubi shugaban majalisa.

"Ranka ya daɗe, tumaki sun mutu, gaskiya ne. Kare ne ya kashe su, shi ma gaskiya ne. Amma takardar ba ta nuna karen waye ba."

"Ga hoto a hannunki, gimbiya," in ji Dorel.

"Shi nake kallo. Duk karen da ya bi ta hannun Traian akwai alama rawaya a kunnensa. Wannan babu. Sanda ce a wuyansa."

Kowa ya san guntuwar sandar da makiyayi ke rataya wa karensa, tana bugun gwiwoyinsa don kada ya bi zomo. Dorel kaɗai, da bai taɓa hawa dutse da garke ba, ya ɗauka reshe ne ya maƙale.

"Makiyaya ai da yawa," in ji Baba Ilarie.

"Baba..." Ba ta zauna ba. "Tsaga uku ne a jikin sandar. Ni nake riƙe maka kana sassaƙawa."

Mutum bakwai suka ce a ci gaba da ba gidan kuɗi. Ita kuwa ranar ta tarar an fito mata da kayanta ƙofar gidan mahaifinta, ta koma wurin gwaggonta. Ba ta yi kuka gaban kowa ba. Irin wannan mace ba kullum ake haifarta ba.

"Zuciyata, da kin bar ni na tafi," in ji Traian. "Uba fa kika rasa."

"Ba don kai na yi ba."

"Ko kaɗan?"

"To... rabi."

Sati biyu babu ko gaisuwa tsakaninta da mahaifinta. Ranar Asabar da hantsi ita da Traian suna wanke keji a gidan dabbobin sai ga keken dokin Baba Ilarie. Ya sauke kwando, 'yan kwikwiyo bakwai a ciki, uwarsu na biye.

"Da kogi zan zuba su, yadda ubana ke yi," ya ce, bai dubi 'yarsa ba. "Likita, ka yi wa uwar aikin nan naku, ta huta da haihuwa."

"An gama, Baba."

"Ban ce ka ce min Baba ba tukuna. Ka zo da mahaifiyarka ranar Lahadi, mu ji abin da ke tafe da ku."

"Baba!" Ruxandra ta ruga ta ƙanƙame shi.

Ya dafa kanta, ya harari Traian.

"Amma ka sani, yaro, ranar da ka yi mata ƙarya kada ka zo wurina. Ni da na haife ta ma ban tsira ba."