Rabin Askin Shugaba Kailani

Ku matso, ku rage murya. Wannan a kan Nomau wanzami ya faru, wanda ke yi wa Shugaba Kailani aski lokacin yaƙi.

Ranar da aka ajiye makamai, Nomau ya aske masa rabin kai ke nan sai aka yi sallama a ƙofa. Shugaba ya miƙe, kumfa a kunne. Harbi ɗaya. Da rabin aski aka binne shi.

Shekara talatin bayan haka, rana tsaka, Nomau na dawowa daga kasuwa ta hanyar tsamiya. Ga wani dattijo zaune a gindinta. Ya cire hula. Rabi gashi, rabi tal.

"Wanzami, ƙarasa mini."

Muryar Kailani ce, amma kamar daga cikin rijiya. Su Nomau kuwa a gidansu ba a barin aski rabi, abin kunya ne. Ya buɗe zabira, ya jiƙa kan. Sanyi ƙalau. Gashin da yake askewa ba ya kaiwa ƙasa.

"Da ka danne kafaɗata ranar, da ban fita ba," in ji dattijon. "Da jirgin ƙasa ya ratsa garinku. Da ba a sake yaƙi ba, balle ya cinye ɗanka. Ƙarasa, komai ya dawo."

Ɗansa! Hannun Nomau ya ƙara sauri. Saura ɗan gashi bayan kunne.

"Sannan in yi bincike," in ji dattijon.

"Na me, ranka ya daɗe?"

"Wa ya san lokacin askina? Daga ni sai kai. Ko ka gaya wa wani?"

Nomau ya tuna. Matarsa Dije kaɗai ya gaya wa, tana dama fura, ɗan nasu a goye.

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Madalla. Gidan da maganar ta fito, har jariri ba zan bari ba."

Aska ta suɓuce. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ga ƙafafun: duga-dugai gaba, yatsu baya. Ya zuba a guje yana a'uziyya, ana ta kiransa, bai waiwaya ba.

Da ya isa gida, Dije ta kawo masa ruwa. Ya daɗe yana kallonta.

"Dije, ranar nan, wa kika gaya wa?"

Ta ajiye moɗa a hankali.

"Malam, kai ma ta tsamiya ka biyo?"

To, kun ji. Kada wanda ya bi hanyar nan shi kaɗai.