Jan Bargo a Kan Shingen Dutse

"Mohapi, don Allah ka juya da dokin nan..."

Nthati ce take roƙon mijinta. Tana bisa doki da tsohon ciki, shi kuma yana gaba riƙe da linzami, a siririyar hanyar da ta bi bakin tsauni. Can ƙasa kwarin Khubelu ne, ga ɗakunan ƙauyen iyayenta ƙanana kamar an kifa ƙore.

Bai waiwayo ba, don ya san zancen. Ma'aikaciyar jinya a garin Mokhotlong ta ce ɗan a gicciye yake kwance, gara Nthati ta zauna kusa da asibiti. Da ya kai wa innarsa maganar, tsohuwar ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce ɗan fari a gidan iyayen mace ake haihuwarsa, haka aka haife shi, kuma ba a kanta za a fara abin kunya ba. Mohapi kuwa, da yake jan baƙi masu yawon tsauni a kan ƙanƙara ba ya ko ɗar, a gaban innarsa bakinsa mutuwa yake yi.

"Tsoro nake ji, masoyina," in ji ta a hankali.

Nan ya tsaya. Ya gyara mata jan bargon da ya saya mata lokacin aurensu, ya nuna mata shingen dutsen da ke bayan ɗakin mahaifiyarta. Ya ce kullum ta wannan hanya yake bi da baƙi, kuma daga nan yana hango shingen tsaf. In ta ji wani abu, ta shanya bargon a kai. Ko me yake yi zai sauko da doki ya kai ta asibiti, innarsa ta faɗi abin da za ta faɗa.

Ta share ido, ta yi ƙarfin halin tsokanarsa. "To sanda kake so ko ruwa?"

Ya yi dariya. In namiji aka haifa, da sanda ake zuwa a shauɗa wa uban. In mace ce, a sheƙa masa ruwa. Ya ce shi dai ruwa, a ba shi mai irin bakin tsiwar uwarta.

Ya kai ta gidan iyayenta ya dawo. Miji ba ya zarya a gidan da ake jiran haihuwa, sai an aiko. Saboda haka kullum in ya iso wannan wuri sai ya bar baƙi suna ɗaukar hotuna, ya tsuguna a bakin tsauni ya ƙura wa shingen ido. Ba komai sai duwatsu. Sai ya sauke ajiyar zuciya ya ci gaba.

Ana nan sai gajimare ya sauko ya cika kwarin taf, dusar ƙanƙara ta biyo baya.

Ranar farko ya je shi kaɗai, bai ga komai ba sai fari fat. Ya nufi gangaren da ake sauka, ya tarar ya zama santsi zalla, dokin ya kafe ya ƙi taka ko'ina. Washegari ya koma, ya kwanta rub da ciki a bakin tsaunin yana kiran sunanta, iska tana mayar masa da muryarsa. Da ya koma gida innarsa ta ce ya daina rawar kai, ai da sauran wata guda. Bai iya cin tuwon masarar da ta ajiye masa ba. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya, kuma babu abin da zai iya.

Ranar da gari ya washe, tun da sassafe yana can. Ya leƙa ƙasa.

Ga jan bargon a kan shinge. Dusar ƙanƙara ta rufe rabinsa. Ba yau aka shanya shi ba.

Ya saki dokin ya kwasa da gudu zuwa gangare, yana zamewa yana tashi. A tsakiyar hanya ya yi kiciɓis da Mamello, yayar Nthati, tana hawowa da ɗan bokiti a hannu. Ba ta gaishe shi ba. Ta ɗaga bokitin ta juye masa ruwan a ka.

Mace! Sanyin ya ratsa shi har ƙashi, amma dariya ce ta kuɓuce masa, har da hawaye. Sai ya lura Mamello ba ta guɗa kamar yadda ake yi.

"Yaya Mamello... Nthati fa?"

Ta zauna a kan dutse ta rufe fuska da bargonta.

"Shekaranjiya ta shanya shi, da rarrafe ta fita. Mun ce mata ba ka gani, ta ce ai ka yi alkawari. Har ta cika, ko iska ta taɓa ƙofa sai ta ce mu buɗe, kai ne."

Mohapi ya durƙusa a nan, ruwan 'yarsa yana ɗiga daga gemunsa, idonsa a kan shingen.