Farar Hodar da Malama Zouéra ta Gane

A kasuwar Arzèkè ta Parakou Djibril ya fara ganinta, tana tsaye gaban shagonsa na kayan rini, tana karanta rubutun jikin wani gwangwani kamar mai karanta wasiƙa.

"Wane launi kike so, Hajiya?"

"Ba rini nake so ba, gwangwanin nake so in ya ƙare. Sunana Zouéra, ina koyar da kimiyya a wata lise, makarantar sakandare, a unguwar Kpébié. Ɗalibaina sun ce abin da muke haɗawa a labo, ɗakin gwajinmu, ba ya amfanar kowa."

Washegari da kansa ya kai mata gwangwanin makarantar. Ya tarar da ita cikin farar riga, ta tsoma kwalba a ruwan ƙanƙara, wasu fararen ƙwayoyi masu sheƙi suna fitowa a hankali.

"Wannan shi ne asetanilid," in ji ta. "A masana'anta da shi ake fara haɗa wasu rini da wasu magunguna, yana shiga aikin roba, yana hana eau oxygénée, ruwan wanke ciwo, lalacewa. Amma shi kansa ba a sha. An taɓa shan sa don zazzaɓi, aka daina, saboda yana ɓata jini."

Shekara shida Djibril yana sayar da rini, bai taɓa tambayar daga ina ya fito ba. Ya tsaya har aka tashi aji.

Da yamma ya tura mata saƙo: "Malamata, akwai wuri ga ɗalibi mai gemu?"

Ta amsa: "Akwai, Mai Rini, in ba ya surutu."

Wata bakwai suna haka, sannan ya je Djougou ya gaya wa mahaifinsa, Alhaji Chaibou, cewa yana son aurenta. Alhaji ya girgiza kai.

"Macen da ke wuni cikin guba da kwalabe? Ga Bashira, 'yar aminina, ta san gida ta san kasuwa."

Maganar ta riga Djibril isa Parakou. Zouéra ta ɗauka ya amince. Ta rubuto: "Allah ya ba ku zaman lafiya," ta daina ɗaukar wayarsa. Kwana goma sha biyu abinci ba ya masa daɗi.

Ranar wata Talata aka kira shi gida, Hajiya Fati mahaifiyarsa ba lafiya. Ya same ta tana haki, leɓɓanta sun yi shuɗi. Ashe wani ɗan talla ne ya kawo wa Alhaji farar hoda a leda, ya ce paracetamol ce ba a matse ta ƙwaya ba. Kwana biyu ana dama mata.

Ya ɗauki hoton hodar da na leɓɓan ya tura wa Zouéra.

Ba a yi minti ɗaya ba ta kira. "Kada ta ƙara sha. Ku kai ta asibiti yanzu, ku tafi da ledar. Ga ni nan tafe."

La'asar ta yi mata a Djougou. A tsakar gidan, gaban Alhaji, ta zuba kaɗan daga hodar da aka rage a gida a siririn bututun gilashi, ta ɗaure shi da ma'aunin zafi, ta tsoma a mai bisa murhu. Ma'aunin na kai ɗari da goma sha huɗu hodar ta narke.

"Baba, paracetamol ba ta narkewa sai kusan ɗari da saba'in. Wannan ta yi kama da asetanilid, kayan masana'anta. Ko ɗalibaina suna yin wannan gwajin."

Ta rubuta sakamakon a takarda ta kai wa likita da hannunta. Kwana uku ta yi a gefen gadon Hajiya, tana ba ta kunu.

Ranar da aka sallame su, Alhaji ya kira Zouéra zaure.

"'Yata, ni na dama mata abin nan da hannuna. Kuma ni na faɗi maganar da ban sani ba a kanki. Ki yafe mini."

"Ba komai, Baba."

"Su waye manyanki a Parakou?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Djibril da ke bakin ƙofa ya zauna a dakali.

A hanyar tasha ya ce, "Ban taɓa amsa maganar Bashira ba, Malamata."

"Na sani yanzu. Hajiya ta gaya mini har ramewar da ka yi."

Bayan Babbar Sallah aka ɗaura aure a Kpébié. Mutanen Djougou sun cika mota uku, 'yan ajin Zouéra mata suka yi anko. Hajiya Fati ta kama hannun amarya ta sa a na ɗanta.

"Ka riƙe mini ita da kyau, kuma aikinta ba za ta bari ba. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a masu ilimi da tausayi irin nata."

Gida ya amsa da amin. Zouéra ta matse yatsunsa a ƙarƙashin mayafi.