Tsohuwa da Ƙudan da Ya Harbe Ta

A wani zamani can baya, akwai wata tsohuwa mai shuka kabewa a bayan ɗakinta. Ran nan ƙudan zuma ya harbe ta a yatsa. Ta fusata, ta ɗebo karmami za ta kore su da hayaƙi.

Maƙwabciyarta ta leƙo ta saman danga ta ce, "Haba Iya! Ai su ke kai garin fure daga wannan fure zuwa wancan. In sun tafi, kabewa ba za ta yi 'ya'ya ba."

Tsohuwa ta dubi yatsa, ta dubi fure. Ta dubi yatsa, ta dubi fure. Sai ta ajiye karmamin.

Da kaka, kabewa ta cika bayan ɗaki, har jikoki suna mirgina ta. Tsohuwa tana tuƙa miyar taushe tana dariya, ta ce wa ƙudan, "Na yafe harbin. Amma fa kada a ƙara!"