Sahu Hamsin da Tara

Yaya Tabawa, 'yar kawunmu, ta rage fitila, ta ce kowa ya matso. Labarin Malam Ilu mai rabon gado ne, wanda ba a taɓa jin ya raba abu an koma ana rigima ba.

Ya je rabon wata gona a ƙauyen da ke tsallaken gulbi, magariba ta yi masa a can. Aka ce ya kwana. Ya ƙi.

Gulbin a bushe yake, yashi fari tas. Yana tsakiya ya ji an kira shi.

"Ilu."

Sau ɗaya tak. Kowa ya san ba a amsa kiran dare in ba a ga mai kira ba. Amma muryar irin ta mahaifiyarsa ce, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Na'am."

"Dubu talatin da guda talatin da ɗaya," in ji wata murya a bayansa.

Ya waiwaya. Wani tsoho ne dogo. Yana tafe, yashi ba ya lotsawa. Bayansa kuwa jama'a ce har inda ido ya tsaya, ba mai tari, ba mai numfashi.

"Da kai ke nan. Ka ɓata mana lissafi, Malam. Ƙaura muke yi. Ba ma haye ruwa sai a sahu-sahu, kowane daidai da ɗan'uwansa. Wanda ya yi saura, na gulbi ne."

"Baba, ai babu ruwa."

"A idonka."

Sai Ilu ya ji sanyi a idon sawunsa.

"Ku cire ni mana."

"Wanda ya amsa ba ya goguwa. Kai ne na ƙarshe, kai ne saura. Raba mu kafin zakara ya yi cara. Sahu ɗaya ba rabo ba ne, mutum ɗaiɗai ma haka."

Ya durƙusa, ya share yashi da tafin hannu. Sahu biyu, saura ɗaya. Uku, saura ɗaya. Bai taɓa huɗu da shida ba, don aikin gado ya koya masa abin da biyu ta ƙi, 'ya'yanta ma ba za su karɓa ba. Biyar, bakwai, sha ɗaya, sha uku. Kowanne saura ɗaya.

Tsohon ya yi dariya ba sauti. "Kafin ka zo duk waɗannan suna raba mu."

Sanyin ya kai gwiwa.

Sha bakwai ta bar tara. Ilu ya ɗaga kai.

"Da kai a cikinsu," in ji tsohon.

Ya ci gaba. Sha tara. Ashirin da uku. Yatsansa ya fashe, ya koma na kusa da shi. Arba'in da bakwai. Hamsin da uku. Abin da ba ya gani ya kai masa ƙirji, yana jan rigarsa. Can nesa ya ji zakara yana kaɗa fiffike.

Hamsin da tara. Ya raba, ya sake rabawa.

"Sahu hamsin da tara! Kowanne ɗari biyar da tara. Ba saura!"

Sai yashi ya ɗauki motsi, suna jeruwa.

"Shiga naka," in ji tsohon. "Na ƙarshe bai cika ba sai da kai."

Ya shiga. Kafaɗar da ke gefensa sanyi kamar randa. Da su ya haye.

Da asuba masu zuwa kasuwa suka tsince shi a bakin gaɓa, rigarsa sharkaf, alhali rabon gulbin da ruwa wata biyar.

Ya rayu, ya tsufa. Sai dai bai ƙara tsayawa a ƙarshen sahu a masallaci ba. Kuma duk shekara, in daren ya zagayo, matarsa kan ji ana magana a bayan ɗaki, a hankali: "Malam, wurinka na nan."

Yaya Tabawa ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kada wanda ya bi ta gulbin nan shi kaɗai. In kuma an kira ku, ku cije harshe."